Allurar Baya Da Raunin Ƙafa: Bayani Domin Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, su karanta, su kuma karanta wa dagatai da masu unguwa. Dalilinta wata magana ce da a ke ji a zauruka da bakin kasuwa, a Kangire da sauran garuruwan kudancin masarautar Dutse, wai allurar da likita ke yi wa mutum a gadon baya in za a yi masa aiki tana kashe ƙafafu. Maganar tana da nauyi. Ran da naƙuda ta yi tsawo aka kai mace asibiti, likita ya ce sai an yi aiki an ciro ɗan, mai gidan da ya riga ya ji ta ya kan tsaya jinkiri, ya ce sai ya shawarci 'yan'uwa, alhali kuwa a irin wannan hali sa'a guda tana iya tafiya da rai ɗaya ko biyu.

Ba za a ce maganar ƙarya ce tsagwaronta ba. Akwai waɗanda ƙafarsu ta yi rauni bayan an yi musu wannan allura. Amma in an bi diddigi, sau da yawa a kan tarar laifin ba na allurar ba ne. Cikin dalilan da a ke samu kuwa akwai guda wanda yawancin jama'a ba su san da shi ba, ga shi maganinsa ba shi da tsada in an gane shi da wuri, watau ƙarancin wani sinadari na abinci da a ke kira bitamin B12. A kansa wannan darasi zai fi tsayawa.

YADDA ALLURAR KE AIKI

Jikin ɗan Adam yana da tsari irin na mulkin ƙasa. Ƙwaƙwalwa ita ce fada. Daga gare ta laka ta sauko ta cikin ƙashin baya, ita ce babbar hanya, sa'an nan jijiyoyi suka rarrabu daga laka zuwa kowace gaɓa kamar jakadu, waɗansu na kai umurni a motsa, waɗansu na komowa da labarin zafi ko sanyi ko taɓi. A jikin baligi laka ba ta kai ƙarshen baya ba, ta kan tsaya wajen ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa sai saiwoyin jijiya kaɗai, suna reto cikin wani ruwa garai-garai kamar gashin wutsiyar doki. A nan ƙasa, inda babu laka, likita ke soka siririyar allura ya zuba magani kimanin rabin cokalin shayi. Maganin ya kan tare jakadun nan na ɗan lokaci, sai mutum ya daina jin kome daga ciki zuwa tafin ƙafa, alhali idonsa biyu, yana numfashi da kansa, yana jin maganar da a ke yi masa. Bayan sa'a 2 zuwa 4 ƙarfin maganin ya kan sake, ji da motsi su komo.

Da ita a ke yin yawancin aikin da ke ƙasa da cibiya: ciro ɗa, gwaiwa, basur, karayar ƙafa, da ɗinkin yoyon fitsari irin wanda a ke yi a Babbar Ruga ta Katsina da asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a 2008. Likitoci sun fi son ta ga mai haihuwa bisa ga maganin sa barci, domin ba a tsoron amai ya shige mata huhu, kuma abin da ke kai wa ga jariri na maganin ƙalilan ne.

Wani likitan Jamus, August Bier, shi ya fara yi wa majiyyaci aiki da ita a birnin Kil ran 16 ga Agusta, 1898. Shi da mataimakinsa har suka gwada ta a jikin juna, ciwon kan da ya biyo baya ya kwantar da Bier kwana 9. Irin wannan ciwon kai har yanzu a kan same shi jefi-jefi. Alamarsa ya kan tsananta in an zauna ko an miƙe, ya lafa in an kwanta, kuma galibi ya kan wuce cikin mako ɗaya ko biyu.

TSORON YANA DA ASALI

Ba mutanen ƙasar nan ne suka fara jin tsoron allurar baya ba. Ran 13 ga Oktoba, 1947, a wani asibiti na garin Castafil a Ingila, aka yi wa mutum biyu, Albert Woolley da Cecil Roe, wannan allura a rana ɗaya domin ƙananan ayyuka, dukansu biyu ƙafafunsu suka shanye, ba su ƙara warkewa ba. Suka kai ƙara, shari'a ta kai har 1954, ba su yi nasara ba. Kotu ta karɓi bayanin cewa ruwan da aka jiƙa kwalaben maganin a ciki ne ya shiga ta wata tsaga da ido ba ya gani. A 1990 aka sake binciken al'amarin, aka fi ɗora laifin a kan wani ruwa mai ci da aka wanke tukunyar dafa allurai da shi, aka bar sauransa a ciki. Ko wanne ne daidai, gurɓatar kayan aiki ce ta jawo. Likitocin Ingila suka yi shekaru suna gudun wannan allura saboda mutum biyun nan.

Abin da ya komo da ita shi ne ƙidaya. A 1954 likitoci biyu na Amurka, Robert Dripps da Leroy Vandam, suka bi sawun allurar baya 10,098 da aka yi a asibitinsu, ba su sami shanyewar ƙafa irin wadda a ke tsoro ba. A 2009 kuma aka buga sakamakon ƙidayar da aka yi a dukan ƙasar Birtaniya, inda a ke yin allurai na wannan dangi wajen 700,000 a shekara, aka ga lahani mai ɗorewa ya kan sami mutum 1 cikin 24,000 in an yi lissafi da mugun zato, ko 1 cikin 54,000 in an yi da kyakkyawan zato. Wannan lissafin Birtaniya ne, inda kayan aiki da ma'aikata suka wadata. Duk da haka ya isa ya nuna allurar da aka yi da tsabta da gwaninta ba safai ta ke cutarwa ba. Doguwar naƙuda da aka bari a gida ta fi ta haɗari nesa ba kusa ba.

JIJIYAR DA KE JIN YUNWA

Kowace jijiya tana da kube, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. In kuben ya zaizaye, saƙo ya kan yi jinkiri ko ya ɓace a hanya. Jiki ba ya iya gina wannan kube ko gyara shi sai da bitamin B12, kuma da shi ne ɓargo ke ƙera jini.

Tun kafin a san sunansa an san cutar rashinsa. A Turai ta kashe mutane da yawa, jini ya ƙare, ƙafafu su mutu, har a 1926 George Minot da William Murphy na birnin Boston suka nuna in an ciyar da masu cutar da hanta mai yawa kullum su kan tashi. Saboda wannan aka ba su kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Sai a 1948 aka iya tace sinadarin daga hanta, jajayen ƙwayoyi masu ɗauke da ƙarfen da a ke kira kobalt. A riƙe sunan ƙarfen nan, za a komo kansa.

Abin da baligi ke bukata a yini maikirogiram 2.4 ne, mai ciki 2.6, mai shayarwa 2.8. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, abin da ido ba ya gani. Amma fa wannan ɗan kaɗan ɗin ba a samunsa sai a abin da ya fito daga dabba: hanta ita ce gaba, sai ƙoda, nama, kifi, ƙwai, madara da nono da kindirmo. Babu abin dogaro a gero, ko dawa, ko masara, ko shinkafa, ko wake, ko kuka, ko zogale, duk da sauran amfaninsu. Mutum na iya ƙoshi da tuwo safe da dare, rumbunsa cike, jijiyarsa na fama da yunwa. Kofi guda na madarar shanu ya kan ba da kusan rabin bukatar yini. Nonon da aka tsinka da ruwa aka kaurara shi da garin 'ya'yan kuka ba ya ba da haka, ko da ya yi kauri a ludayi.

A nan akwai abin da ya kamata shugabanni su duba a ƙasarsu. A gidaje da dama ƙwan da kaji suka saka da nonon da aka tatsa kasuwa su ke tafiya, ɗan naman da aka sa a miya kuma a kwanon mai gida ya ke sauka. Macen da ke ɗauke da ciki, ko ta ke shayarwa, wadda bukatarta ta fi ta kowa, ita ce ta ƙarshe. A waɗansu gidajen ma a kan hana mai ciki da yara ƙwai saboda camfi. Naman layya ba ya biyan bashin shekara, gama hanji ba ya iya ɗaukar bitamin ɗin da yawa a ci ɗaya. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi tuli guda.

Akwai kuma waɗanda ke cin nama amma jikinsu ba ya karɓa. Tumbi yana fitar da wani sinadari da ke kama bitamin ɗin ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji, inda ya ke shiga jini. In tumbin ya daina fitar da shi, kamar yadda ya kan faru ga waɗansu, musamman tsofaffi, ko an yanke ƙarshen hanjin, misali bayan zazzaɓin taifod ya huda shi, to hanya ta toshe. Haka nan wanda ya yi shekaru yana shan metfomin saboda ciwon sukari, ko maganin rage tsamin ciki irin omefirazol wanda masu gyambon ciki ke saya a kemis ba tare da takardar likita ba.

Abin da ya sa cutar ke ɓuya shi ne hanta ta kan ajiye guzurin da zai kai shekara 3 zuwa 5. Sai rumbun nan ya yi ƙasa alamu ke fara fitowa, su ma sannu a hankali. Da fari mutum ya ji tafin ƙafafunsa duka biyu kamar kiyashi na tafiya, ko kamar ana tsira masa ƙaya, wani lokaci har da yatsun hannu. Can sai ya ji kamar auduga ya ke takawa. Takalmi ya zame daga ƙafarsa bai sani ba. Da rana yana tafiya sosai, domin ido na taimakon ƙafa, amma in ya fita sallar asuba cikin duhu sai ya riƙa tangaɗi, in ya rufe ido yana wanke fuska a tsaye sai ya nemi faɗuwa. Dalili kuwa ɓangaren laka da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin inda ƙafa ta ke shi ne ke fara lalacewa. Waɗansu su kan haɗa da kasala, ɗashewa, harshe ja mai santsi da raɗaɗi, mantuwa, ko sauyin hali har a ce iska ce. In an bar shi, ƙafafu su sage, fitsari ya ƙi riƙuwa.

Kada a ce ai wane bai ɗashe ba, saboda haka jininsa lafiya, ba wannan ba ne. A 1988 likitoci a birnin Niyok suka duba mutum 141 da rashin bitamin B12 ya taɓa jijiyarsu ko hankalinsu, suka tarar 40 daga ciki gwajin jininsu na yau da kullum bai nuna alamar da aka saba gani ba.

INDA ALLURA DA BITAMIN SUKA GAMU

Ɗakin da gara ta cinye azararsa ya kan tsaya duk rani, ran da aka yi ruwan farko ya rufta, masu wucewa su ce ruwa ya rushe shi. Haka al'amarin nan ya ke. A ɗauka wata mace ce a ɗaya daga ƙauyukan Kangire, haihuwa ta shida, tana yaye tana ɗaukar wani cikin, abincinta tuwo da miyar kuka. Tun cikin na wata 5 ta ke jin tafin ƙafarta na yi mata wani iri, ba ta faɗa ba, domin kunya, ko domin ta ɗauka nauyin ciki ne. Aka yi mata aiki da allurar baya, ta zubar da jini, ta yi kwanaki ba ta ci sosai ba, tana kwance, ga jariri na tsotson ɗan abin da ya rage mata. Da ta tashi tafiya sai ƙafa ta ƙi. Kowa a gidan ya ga allura da idonsa ko ya ji labarinta. Garar kuwa ba wanda ya gani.

Maganin da a ke zubawa a baya shi kansa ba ya cin bitamin. Sai dai likitoci sun lura jijiyar da ta riga ta yi rauni ba ta jure abin da lafiyayya ke jurewa. A 2006 asibitin Mayo na Amurka ya duba mutum 567 masu ciwon jijiya tun da fari, da yawansu saboda ciwon sukari, waɗanda aka yi wa allura a baya, aka sami 2 da ciwonsu ya ƙaru ko wani sabo ya fito. Adadin ya fi na masu lafiyar jijiya, amma 565 sun fita ba abin da ya same su. Ma'anarsa ba a hana mai raunin jijiya allurar ba ne. A gaya wa likita tukuna, ya duba, ya rubuta abin da ya tarar kafin aiki, ya zaɓi abin da ya fi dacewa.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne wajen wata iska da a ke shaƙa wa majiyyaci, sunanta naitiros oksaid, waɗansu na ce mata iskar dariya. Ba kowane asibiti ke da ita ba, amma inda ta ke a kan ba da ita in allurar baya ba ta kama sosai ba, ko aiki ya yi tsawo aka koma ga sa barci, ko domin rage zafin naƙuda. Wannan iska ta kan taɓa ƙarfen kobalt ɗin nan da ke tsakiyar bitamin B12 ta kashe aikinsa. Mai cikakken rumbu ba ya jin kome, jikinsa ya kan mayar da abin da ya ɓace cikin kwanaki. Wanda rumbunsa ya riga ya yi ƙasa kuwa shaƙa ɗaya ta sa'o'i kaɗan tana iya kayar da shi, alamun su fito bayan mako 2 zuwa 6, lokacin da ya riga ya koma gida. An fara gane sharrinta a 1956 a birnin Kofanhagan, inda aka yi kwanaki ana shaƙa wa masu ciwon sarƙe-haƙora ita, ɓargonsu ya daina ƙera jini. A 1978 wani likitan jijiya na Amurka, Robert Layzer, ya ba da labarin mutum 15 da lakarsu ta taɓu saboda yawan shaƙarta, 14 daga ciki likitocin haƙori ne. Ita ce kuma iskar da waɗansu samari ke shaƙa a balan-balan domin maye, wadda hukumar NDLEA ta ba da umurnin farautar masu sayar da ita a 2023. Saurayin da aka ga yana jan ƙafa ba tare da an yi masa wani aiki ba, a tambaye shi wannan a keɓe.

Wani tarkon kuma shi ne folik asid, ƙaramar ƙwayar da a ke ba masu ciki wajen awo tare da maganin ƙarin jini. Tana da amfani ƙwarai, tana kare jariri daga tawayar laka, kada kowa ya hana matarsa sha. Amma tana iya gyara jinin mai rashin B12 ta bar jijiya na ci gaba da lalacewa, sai a ga fuska ta yi kyau a sake jiki. Saboda haka mai cikin da ke jin mutuwar ƙafa ta faɗa wajen awo, ko da an ce jininta ya isa.

Bitamin B1 shi ma rashinsa na kashe ƙafa, kuma guzurinsa a jiki ba ya wuce mako 2 zuwa 3. Ya fi kama mai cikin da amai ya hana ta cin abinci makonni, da mashayin giya, da wanda ya daɗe bayan aiki ba ya ci sai ƙarin ruwa. Ana samunsa a gero da dawa da ba a surfe su fes ba, da wake da gyaɗa, kanwa kuwa tana lalata shi a tukunya. Masu shan maganin tarin fuka na isoniyazid kuma a kan haɗa musu da bitamin B6 domin kare jijiya, kada su yar da shi su ce ƙari ne.

YADDA ZA A BAMBANCE

Yanke hukunci aikin likita ne, amma akwai abin da mai hankali zai lura da shi ya taimaka. Raunin da allura ta jawo ya kan bayyana nan da nan, da zarar magani ya sake, galibi a ƙafa ɗaya ko wani yanki nata, sau da yawa mutum ya kan tuna ya ji wani abu kamar walƙiya ya tsarga masa ƙafa sa'ad da a ke soka allurar. Yawancin irin wannan ya kan warke cikin makonni ko watanni. Na rashin bitamin ya kan zo a hankali, ƙafafu biyu daidai wa daida, daga yatsu ya hauro, ya fi tsanani cikin duhu. In har hannaye sun shiga, da wuya ƙwarai a ce allurar da aka yi a ƙugu ce.

Akwai na uku, wanda ya fi su yawa a ƙasar nan. In naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, kan ɗan ya kan danne jijiyar da ta ratsa ƙashin ƙugu zuwa ƙafa, mace ta tashi tana jan ƙafa, tafin na faɗuwa, ba ta iya ɗaga yatsu. Likitocin yoyon fitsari sun saba ganin wannan ga matan da ba a taɓa yi musu allurar baya ba. Watau jinkirin da aka yi don tsoron allura shi ne ke jawo abin da a ke tsoro. Allurar da wanda bai ƙware ba ya yi a ɗuwawu ita ma tana haifar da irin wannan jan ƙafa in ta sami jijiya.

Waɗansu alamu ba su jiran gobe. In sa'a 4 ta wuce bayan allura mutum bai iya ɗaga ƙafarsa ba, mai jinya ya gaya wa ma'aikata nan take. In ji ya komo sa'an nan ya sake tafiya, ko rauni na ƙaruwa da sauri, ko baya na ciwo mai tsanani, ko fitsari ya tsaya ko yana zuba ba a sani ba, ko zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, to a koma asibiti a wannan rana, ko da tsakar dare ne. Mai yiwuwa gudan jini ne ko ƙurji ke danne jijiyoyi, ko sanƙarau. Gudan jinin da aka cire cikin kimanin sa'a 8 a kan sami ƙafa, wanda ya kwana biyu da wuya. Irin wannan aiki a kan tura shi manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, saboda haka tafiyar ma tana cikin lissafin sa'o'in.

ABIN DA A KE SO GA HAKIMI DA MALAMINSA

In labari ya iso fada cewa wane ko matar wane ƙafa ta ƙi bayan aiki, abu na farko a mayar da mai ciwon asibitin da aka yi aikin, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da katinsa a hannu, da dukan magungunan da ya ke sha, har na kemis da na gargajiya. In kuɗin mota ne ya tsaya, mai unguwa da dagaci sun san yadda a ke haɗa shi. Kada a ɓata makonni wajen tsaga da ƙaho da sakiya. Ƙafar da ba ta ji ba ta sanin an ƙone ta, ruwan wankan jego ma a gwada zafinsa da hannun mai lafiya kafin ya taɓa ta. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Malamin hakimi zai yi babban taimako in ya rubuta 'yar takarda ta tafi tare da mai ciwon. Ya sa ranar da aka yi aikin, da ranar da rauni ya fara, ko ƙafa ɗaya ce ko biyu, ko hannu ya shiga, ko an taɓa jin wani abu a ƙafar tun kafin aikin, kwana nawa aka yi ana naƙuda, da abin da mai ciwon ya saba ci. Tambayar nan ta kafin aiki ita ce mafi amfani, kuma ita ce mace ba za ta amsa a gaban maza ba. A sa ungozoma ko wata dattijuwa ta tambaye ta a ɗaki. Ya rubuta abin da aka faɗa masa kaɗai, kada ya rubuta cewa allura ce ta jawo, kada kuma ya rubuta ba ita ba ce. In iyalin suna da ƙorafi a kan aikin da aka yi, hakkinsu ne a saurare su, hanyarsa kuwa takarda zuwa ga shugaban asibitin, bayan an fara magani.

Maganin rashin B12 da ya taɓa jijiya allura ce ta bitamin ɗin kansa, miligiram 1 kowace, a kan yi ta a jere a makonnin farko sa'an nan a riƙa tazara, gwargwadon yadda likita ya tsara. In alamu sun bayyana sosai likita na iya farawa ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Ƙwayoyin ƙarin kuzari da a ke sayarwa a kasuwa abin da ke cikinsu bai isa wannan aiki ba. Wanda aka kama cikin makonni ya kan warke sarai ko kusa da haka, sauƙin na zuwa a hankali cikin wata 3 zuwa 6, har a kwanakin farko waɗansu su kan ji kamar abin ya ƙaru, kada wannan ya sa a daina. Wanda ya shekara yana jan ƙafa, maganin zai tsayar da cutar, amma ba lalle ya mayar da abin da ya tafi ba. Wanda tumbinsa ne ya daina karɓa zai riƙa yin allurar muddin ransa, a taimake shi da rubuta ranakun. In mai shayarwa ce, a kai jaririn a duba shi tare da ita, domin nononta ba zai ba shi abin da ita ba ta da shi ba.

Wanda aka taɓa samunsa da wannan ƙaranci a roƙi likita ya rubuta a katinsa, a adana katin inda a ke adana takardar gona. Duk ran da za a sake yi masa aiki, ko mace ta koma awon wani cikin, a nuna katin tun a teburin farko, domin mai ba da maganin kashe zafi ya san ba za a shaƙa masa iskar nan ba sai an cika masa bitamin tukuna.